Tuba da Neman Afuwa: Abin da Doka Ta Tanadar wa Wanda Ya Kitsa Kifar da Gwamnati

Fursunan da aka kama da laifin kitsa kifar da gwamnati, idan ya ce ya yi nadama yana neman a ji ƙansa, ƙofofi biyu ne a gabansa: ƙofar kotu da ƙofar Shugaban Ƙasa. Mutane kan haɗa su wuri ɗaya, alhali a dokar Nijeriya kowace da tata ƙa'idar.

A gaban alƙali, tuba ba ta da ƙarfin da ake zato. Sashe na 37 na Dokar Manyan Laifuffuka ya yanke hukuncin kisa ga wanda ya ɗauki makami yana yaƙar ƙasa domin tursasa wa Shugaban Ƙasa ko gwamna, da wanda ya haɗa baki a yi hakan. Sashe na 41 kuma ya tanadi ɗaurin rai-da-rai ga wanda ya ƙudiri niyyar tsige shugaba ta hanyar da tsarin mulki bai amince da ita ba, muddin niyyar ta bayyana a aikace. Kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa yana da makamancin wannan tanadi. Inda doka ta ce kisa, alƙali ba shi da ikon ragewa ko da mai laifin ya zubar da hawaye a cikin akwatin tuhuma. Hasali ma, dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ce wanda ya amsa laifin da hukuncinsa kisa ne, kotu za ta rubuta masa cewa bai amsa ba, domin masu gabatar da ƙara su kawo hujjarsu. Dokar Shaida ta 2011 ma ta hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa ko tilasci.

Jin ƙai na ainihi yana hannun ɓangaren zartarwa. Sashe na 175 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa ikon yin afuwa ɗungurungum ko bisa sharaɗi, ko jinkirta zartar da hukunci, ko musanya shi da mai sauƙi, ko yafe wani ɓangarensa, a kan laifuffukan da dokar tarayya ta kafa. Wajibi ne ya tuntuɓi Majalisar Magabata ta Ƙasa, wadda ta ƙunshi tsofaffin shugabannin ƙasa, tsofaffin alƙalan alƙalai, shugabannin majalisun tarayya biyu, gwamnoni da Ministan Shari'a. Idan kuwa kotun soji ce ta yanke hukuncin, sashen ya ce sai ya yi aiki bisa shawarar majalisar. Sashe na 212 ya ba gwamnoni irin wannan iko, amma a kan dokokin jihohinsu kaɗai.

Abin lura shi ne, babu inda sashe na 175 ya ambaci tuba. Ba sharaɗi ba ce, kuma ba ta zama haƙƙin da fursuna zai kafa hujja da shi ya ce dole a sake shi. Takardar roƙonsa kan je gaban kwamitin ba da shawara da Ministan Shari'a ke jagoranta, inda ake duba shekarunsa, lafiyarsa, tsawon zaman da ya yi da rahoton halayyarsa daga jami'an gidan gyaran hali. Nadama tana shiga ma'auni a nan, sai dai magana ta ƙarshe ta shugaba ce. Wanda aka yi wa afuwa, sashe na 36(10) ya hana a sake gurfanar da shi kan wannan laifin.

Tarihi ya nuna cewa sauyin mulki ya fi hawaye buɗe ƙofar kurkuku. An yanke wa Obafemi Awolowo ɗaurin shekara goma a 1963 kan laifin kitsa kifar da gwamnati, Yakubu Gowon ya sake shi a 1966. Olusegun Obasanjo, wanda aka ɗaure a 1995 kan zargin juyin mulkin da ya musanta, bai fito ba sai a 1998 bayan rasuwar Sani Abacha, yayin da Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda aka ɗaure kan wannan zargin, ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997. Oladipo Diya, mataimakin Abacha da aka zarga da kitsa juyin mulki, ya roƙi Abacha gafara yana kuka, amma kotun soji ta yanke masa hukuncin kisa a 1998, kuma gwamnatin Abdulsalami Abubakar ce ta sassauta masa sannan ta sake shi. Janar Mamman Vatsa kuwa, da aka harbe a 1986 kan zargin kitsa juyin mulki, afuwarsa ba ta zo ba sai a 2025.

A ganina, daidai ne da tsarin mulki bai ɗaura afuwa a kan furta nadama ba, domin da an yi haka, wanda aka ƙulla wa sharri zai zaɓi tsakanin ya amsa abin da bai aikata ba ko ya ruɓe a ɗaure. Inda gyara ya rage shi ne rashin tilasta wa gwamnati bayyana dalilanta: fursuna biyu na iya rubuta roƙo iri ɗaya, a saki mai uwa a gindin murhu, ɗayan kuma ko amsa kada ya samu, kuma sashe na 175 bai tanadi wata hanyar ɗaukaka ƙara da zai bi ba.