Me Ake Nufi da "Zamanin Duhu"?

"Zamanin Duhu" suna ne da Turawa suka laƙaba wa ƙarnonin da suka biyo bayan faɗuwar daular Rum ta yamma a shekarar 476. Marubucin Italiya Petrarch ne ya fara siffanta lokacin da duhu a ƙarni na 14. Abin da ke damuna shi ne yadda ake faɗin kalmar yau kamar duniya ce gaba ɗaya ta yi barci. Yammacin Turai kaɗai ake nufi, kuma ko can masana tarihi sun daina son sunan.

Babban abin da ya bambanta yankuna shi ne abin rubutu. Turai a kan fata suke rubutu. Wani Baibul da sufayen Kirista suka kwafa a arewacin Ingila wajen shekarar 700 ya ci fatun maruƙa kusan 500. Garke guda ke nan: a yanka, a feɗe, a kankare gashi, a ɗaure fatar ta bushe, duk don littafi ɗaya. Wa zai iya tara littattafai a haka?

A Bagadaza kuwa, sana'ar takarda ta iso daga Sin ta Samarƙand, kuma kafin shekarar 800 ana yin ta a birnin. Takarda ta yi araha, kasuwar masu kwafa da sayar da littattafai ta cika. Ɗaya daga cikinsu, Ibn Nadim, ya rubuta Fihirist wajen 987, ya jero dubban littattafan Larabci na nahawu, likitanci, falsafa da taurari. A Kurɗuba, birnin Musulmin Andalus a ƙasar Sifen ta yau, marubutan tarihi sun ce sunayen littattafan Halifa Hakam na Biyu kaɗai sun cika kundi 44.

Daga baya reshe ya juye da mujiya. Gutenberg, wani Bajamushe, ya buga Baibul da injin ɗab'insa wajen 1455, kafin 1500 ana ɗab'i a garuruwan Turai sama da 200. Musulmin Istanbul sai 1727 suka sami izinin kafa maɗaba'a. A Timbuktu da hannu ake ta kwafa, amma duk da haka malamin birnin, Ahmad Baba, ya mallaki littattafai 1,600 kafin a tafi da shi Marrakesh ta ƙasar Maroko a 1594, ya kuma ce nasa ne mafi ƙaranci a danginsa.

Ita ma takardar ta sake gida. Wadda malaman Kano da Sakkwato suka yawaita rubutu a kanta a ƙarni na 19, mai alamar jinjirin wata uku, a Italiya ake yin ta, fatake su ratso Sahara da ita.