Kamun kifin ƙasan teku da na saman ruwa

Kamun kifi da fatsa a teku ya kasu gida biyu, gwargwadon inda ƙugiya take aiki. A na ƙasa, ana ɗaura wa zare dalma a saukar da ƙugiya har ta isa gindin teku. A na sama kuwa, ƙugiya tana tsayawa a fuskar ruwa ko ƴan mitoci kaɗan ƙarƙashinta, ko dai a ja ta a bayan jirgi yana tafe, ko a jefa ta inda aka hango kifi na farauta. Yawancin masu fita teku na yini ɗaya sai sun zaɓi guda tun kafin su bar gaɓa, domin kayan aiki, yawan mai da wurin da za a nufa duk sun sha bamban.

Halin kifayen

Asalin bambancin daga kifayen yake. Kifin ƙasa mazauni ne. Irin su gurufa, sinafa da kod suna zama kusa da duwatsu, murjani da tarkacen jiragen da suka nutse, inda ƙananan halittu suke taruwa. Mafi yawan wannan kamu ana yin sa ne a kan gefen nahiya da ya shige ƙarƙashin teku, wanda zurfinsa bai cika wuce mita 200 ba. Dutsen da ya ba da kifi bara, in ba a cinye shi da kamu ba, bana ma zai bayar. Shi ya sa matuƙan jirage suke ɓoye alamar irin waɗannan wurare kamar dukiya.

Kifin sama matafiyi ne. Tuna, malin, wahu da dorado suna bin garken ƙananan kifaye da ɗumin ruwa, yau suna nan, gobe sun yi gaba. Akwai nau'in tuna da ke ƙetare Tekun Atlantika daga wannan gefe zuwa wancan. Mai neman kifin sama kullum cikin cigiya yake.

Yadda ake na ƙasa

Matuƙi yana duba na'urar da ke auna zurfi da amon sauti har ya ga dutse ko tudu a kan allo, sannan ya saki anga, ko ya kashe inji ya bar ruwa ya ja jirgin a hankali ta kan wurin. Mai fatsa yana sa wa ƙugiya yankan kifi ko jatan lande, ya saki zare yana tare shi da babban yatsa. Da dalma ta taɓa ƙasa, zaren zai yi sako-sako nan take. A nan ne ake naɗo shi sau ɗaya ko biyu, don ƙugiya ta ɗan ɗago daga kan duwatsu. Daga nan sai sauraro da hannu: ƙaramin kifi yana ɗan tsattsaga, babba kuwa yana jan sandar ƙasa gaba ɗaya.

Daƙiƙun farko su ne komai. Gurufa in ya ji ƙugiya, ramin da ya fito yake komawa da gudu, ya buɗe marufan kunnuwansa ya kafe a ciki. Wanda ya yi sanyin hannu a wannan lokacin, sai dai ya tsinke zare ya sake ɗauri. Saboda haka ake amfani da sanda gajera mai ƙarfi, da zaren saƙa wanda ba ya miƙewa sosai. Zaren roba na gama-gari yana miƙewa, ta yadda a zurfin mita 60 motsin kifi kan ɓace kafin ya iso hannu.

Babban abokin gabar wannan kamu shi ne gudun ruwa. In ya yi ƙarfi, zare ba ya sauka a miƙe, sai ya karkace ya yi nisa, dalma ta tashi daga ƙasa, zaruruwan mutanen jirgi su sarƙe da juna. Maganinsa ƙara nauyin dalma, amma abin yana da iyaka: naɗo dalma mai nauyin rabin kilo daga zurfi sau talatin a yini aiki ne na gaske.

Yadda ake na sama

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ja. Ana sakin zaruruwa da dama a bayan jirgi, kowanne da kifin roba ko na ƙarfe mai walƙiya, jirgin yana tafiyar kimanin kilomita 9 zuwa 17 a awa. Ido yana kan teku, ana neman tsuntsaye masu faɗowa ruwa, ko gungume da ciyawar teku masu yawo, domin dorado yana son fakewa a ƙarƙashin duk abin da ke shawagi. Ana kuma lura da layin da ruwa mai ɗumi ya haɗu da mai sanyi, inda launin teku yake sauyawa.

Ana iya shafe awa uku ba abin da ake ji sai ƙarar inji. Sannan kwatsam sanda ta lanƙwashe, na'urar naɗe zare ta ɗau kuka, kifi ya tafi da zare mai yawa kafin a tashi daga zaune. Wannan ɗan lokacin ne masu son sa suke biya wa kuɗin mai.

Abin da ke raba gardama

Na farko lokaci ne. Tafiyar rabin yini ta fi dacewa da kamun ƙasa, tunda wurin sananne ne kuma sau da yawa yana kusa da gaɓa. Manyan kifayen sama kan buƙaci a yi nisa, wani lokaci har bakin gefen nahiya, tafiya da dawowa kaɗai su ci rabin yinin. Ga yara da sababbin hannu, na ƙasa ya fi, domin kowa yana riƙe da sandarsa kuma ba a daɗewa ba a ji motsi ba. A wajen ja, matuƙi ne mai yawancin aikin, saura jira suke yi.

Sai motsin teku. A yawancin gaɓoɓi ruwa yana cika ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50. Lokacin tsayuwar wata da cikarsa, cika da janyewar sun fi girma, gudun ruwa ya fi ƙarfi, riƙe ƙasa ya fi wuya. A irin waɗannan ranaku masu kamun ƙasa a wuri mai zurfi sukan jira ɗan tsakanin da ruwa ke lafawa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa baƙo ba: jirgin da ke tsaye a kan anga ya fi mai tafiya tangaɗi, mai saurin jiri da tashin zuciya ya fi shan wuya a kamun ƙasa, musamman yana sunkuye yana ɗaura ƙugiya.

Kifin da za a saki

Nan ne hanyoyin biyu suka fi nisa da juna. Matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar duniya a kowace mita 10. Yawancin kifayen dutse suna da jakar iska a ciki wadda ke daidaita musu shawagi. In aka fizgo kifi daga zurfin mita 30, iskar jakar tana iya kumbura har ninki huɗu. Sai ka ga idanunsa sun firfito, tumbinsa ya leƙo ta baki, wanda mutane da yawa suke ɗauka harshe ne. In aka jefa shi ruwa a haka, ba ya iya nutsewa, yana nan yana yawo a sama har tsuntsu ko kifin shak ya ɗauke shi.

Abin ya fi muni saboda waɗannan kifaye ba sa saurin girma. Jan sinafa yana iya haura shekara 50, alhali dorado da ƙyar yake wuce biyar, kuma yana fara haihuwa tun bai shekara ba. Dutsen da aka kwashe manyansa yana daɗewa bai farfaɗo ba. Don haka aka ƙirƙiro wata ƴar na'ura mai nauyi da ke kama leɓen kifi ta mayar da shi zurfi, inda matsin ruwa zai sake matse iskar, sannan ta sake shi. A Amurka, a watan Janairun 2022, doka ta wajabta wa masu kamun kifin dutse a ruwan Mashigin Meziko da ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya su riƙe irin wannan na'ura, ko allurar fitar da iska, a shirye cikin jirgi.

Kifin sama ba shi da wannan matsala, tunda daga kusa da fuskar ruwa aka kamo shi. Tasa matsalar bayan ya mutu take. Tuna da dorado in aka bar su cikin zafi, namansu yana tara sinadarin histamin, wanda dafuwa ba ta kashe shi, kuma yana sa wanda ya ci ƙaiƙayi, jan fuska da ciwon kai. Jirgin da zai fita ja yana ɗaukar ƙanƙara mai yawa, a zubar wa kifi da jini a binne shi a cikinta da zarar an hau da shi.