Waiwaye: Yadda Björn Borg Ya Ajiye Raket Yana Ɗan Shekara 26

A watan Janairun 1983 ne Björn Borg, ɗan ƙasar Suwidin, ya sanar cewa ya daina buga tanis, alhali shekarunsa 26 kacal, ƙarfinsa bai ragu ba, kuma yana da kofuna 11 a hannu daga cikin manyan gasannin tanis huɗu da ake bugawa duk shekara. Har yau masu bibiyar wasan ba su daina tambayar dalilin wannan ritaya ta gaggawa ba, amsar kuwa tana cikin yadda ya taso.

An haife shi a Stockholm ranar 6 ga Yuni, 1956, ya girma a garin Södertälje. Mahaifinsa ne ya ci kyautar raket a wata gasar ƙwallon tebur ya ba shi, yaron ya riƙa yini yana dukan ƙwallo a jikin ƙofar gareji. A ƙuruciyarsa mai saurin fushi ne, har sai da aka dakatar da shi na wasu watanni saboda zage-zage da jifa da raket a fili. Da ya dawo sai ya haɗiye zuciyarsa gaba ɗaya, ta yadda ko ya ci ko an ci shi ba a ganin komai a fuskarsa, abin da ya sa 'yan jarida suka riƙa kamanta shi da ƙanƙara. Yana ɗan shekara 15, a 1972, ya wakilci ƙasarsa a gasar kofin Davis ƙarƙashin Lennart Bergelin, wanda ya zama kocinsa har ƙarshen zamaninsa.

Nasara ta zo masa da wuri. A 1974 ya lashe gasar Faransa yana ɗan shekara 18, bayan Manuel Orantes ya riga shi cin turmi biyu a wasan ƙarshe, inda wanda ya ci turmi uku cikin biyar ne ke yin nasara, sannan a 1975 ya jagoranci Suwidin ta ɗauki kofin Davis karon farko a tarihinta. Sau shida ya ci gasar Faransa, kuma duk zuwansa Paris mutum ɗaya ne ya taɓa doke shi a can, wato Adriano Panatta na Italiya, a 1973 da 1976.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne gasar Wimbledon ta Landan. Filin Paris na jar ƙasa ne, ƙwallo na tafiya a hankali tana tashi sama, shi kuwa na Landan ciyawa ce mai santsi, ƙwallo na wucewa kamar kibiya, kuma makonni biyu ne kawai tsakanin gasar biyu a wancan lokaci. Masana sun ɗauka salon Borg na tsayawa a bayan fili da riƙe raket da hannu biyu ba zai yi tasiri a kan ciyawa ba, amma sai ya ci Wimbledon sau biyar a jere, daga 1976 zuwa 1980, ya kuma haɗa ta da ta Faransa shekara uku a jere. Wasan ƙarshe na 1980 da John McEnroe na Amurka shi ne ƙololuwa: McEnroe ya ƙwace turmi na huɗu da maki 18 da 16 a bugun raba-gardama, duk da haka Borg bai karaya ba, ya ci turmi na biyar da 8 da 6.

Shekara guda bayan haka McEnroe ya rama a Wimbledon, ya katse masa nasarori 41 a jere, ya sake doke shi a wasan ƙarshe na gasar Amurka, wadda Borg ya kai ƙarshenta sau huɗu bai taɓa ɗauka ba. Ranar nan bai tsaya bikin ba da kofi ba, ya fice daga filin. A 1982 kuma ya samu saɓani da hukumomin wasan, waɗanda suka ce wanda bai amince ya buga adadin gasannin da suka ƙayyade ba sai ya bi ta wasannin share fage, shi kuma ya ƙi. A ganina wannan saɓani ƙarshen tika-tiki ne kawai. Mutumin da ya shafe shekara goma yana danne fushinsa, yana rayuwa tsakanin otal da filin atisaye tun yana yaro, gajiyar zuciya ce ta cim masa, kuma abin takaici ne da masu ruwa da tsaki ba su sassauta masa ya huta ba.

Ya yi yunƙurin dawowa a 1991 a Monte Carlo, riƙe da tsohon raket ɗinsa na katako alhali kowa ya koma na zamani, Jordi Arrese na Sifaniya ya fitar da shi a zagayen farko, kuma har ya sake janyewa a 1993 bai ci wasa ko ɗaya ba. Sai dai a gida, yaran da suka taso suna kallonsa sun riga sun karɓi tuta: Mats Wilander ya ci gasar Faransa a 1982 yana ɗan shekara 17, a 1988 kuwa shi da Stefan Edberg suka kwashe dukkan manyan kofuna huɗu na shekarar zuwa Suwidin.