Ba'a da hoton wani a shafin da ke kawo kuɗi: halas ne ko sata?

Tambayoyin nan sun ƙi ƙarewa, kuma yawanci masu shafukan barkwanci da gulmar taurari ne ke yinsu, bayan takardar lauya ta riga ta iso. Maganar dokar Amurka ce, domin can ake da ƙa'idar amfani na adalci, wadda ke barin a yi amfani da aikin wani ba tare da izininsa ba a wasu yanayi, a sashe na 107 na dokar haƙƙin mallaka ta 1976.

A Google na tsinci hoton. Ba na kowa ba ne?

Na wani ne. Wanda ya ɗauka shi ke da shi, ko kamfanin da yake yi wa aiki.

To, na rubuta sunan mai hoton a ƙasa.

Ka kyauta, amma ambaton suna ba izini ba ne. Masu rubuta "wannan hoton ba nawa ba ne" kuwa, shaida suke bayarwa a kan kansu, don Allah ku daina.

Shafina yana da talla. Shi ke nan na faɗi?

A'a, kwantar da hankalinka. A 1994 Kotun Ƙolin Amurka ta yi hukunci a shari'ar Campbell da kamfanin Acuff-Rose, inda mawaƙan 2 Live Crew suka juya wata waƙar Roy Orbison zuwa ba'a suka sayar. Kotu ta ce neman kuɗi kaɗai ba ya rushe hujja. Alƙali abu huɗu yake aunawa tare: manufar amfanin, irin aikin da aka ɗauka, yawan abin da aka ɗiba, da illa ga kasuwar mai shi. Talla tana ƙara maka nauyin kare kanka, iyakarta ke nan.

Ai ba'a nake yi, kuma an ce ba'a halas ce.

Wa kake yi wa ba'ar? Kowa yana tsallake wannan, alhali nan maganar take.

A 1991 mai ɗaukar hoto Annie Leibovitz ta ɗauki hoton 'yar fim Demi Moore da tsohon ciki, aka buga a bangon mujallar Vanity Fair. Kamfanin Paramount ya samo wata mace mai ciki, ya ɗauke ta da irin tsayuwar da irin hasken, ya ɗora mata fuskar ɗan barkwanci Leslie Nielsen yana murmushin tsokana, ya yi tallan fim da shi. Talla ce tsagwaronta, amma a 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Paramount gaskiya, domin ba'ar a kan hoton kansa take, a kan ƙasaitar da aka cika shi da ita. Ba yadda za ka tsokani hoto ba tare da ka nuna shi ba.

Jeff Koons, mai fasahar ƙera mutum-mutumi, kuwa ya sha ƙasa a 1992. Ya samu katin hoton Art Rogers, mace da namiji rungume da 'yan kwikwiyo 8, ya aika wa masassaƙa a Italiya su kwafe shi a mutum-mutumi, ya sayar da guda 3 a kan dala 367,000. Ya ce shi al'umma yake yi wa zambo. Kotu ta ce dole hoton da ka ɗauka ya kasance cikin abin da kake suka. In ba haka ba, sandar wani ka ara ka doki wani, kuma mai sanda yana da ikon neman kuɗinsa.

Ni mutumin da ke cikin hoton nake tsokana. Na yi masa zane a fuska, na sa rubutu. Ina matsayina?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma duk wanda ya amsa maka da "eh" ko "a'a" kai tsaye bai yi maka adalci ba.

Irin aikinka shi ne na Perez Hilton, mai shafin gulmar taurarin Hollywood, wanda ya yi suna wajen yi wa hotunansu zane da farin layi. A 2006 kamfanin hotuna na X17 ya maka shi a kotu yana neman sama da dala miliyan 7. Ya ce ba'a yake yi. An yi sulhu daga baya, saboda haka shari'ar ba ta bar wa kowa hukuncin da zai jingina da shi ba.

Akwai wadda ta ci. Raanan Katz, ɗan kasuwar gidaje mai hannun jari a ƙungiyar ƙwallon kwando ta Miami Heat, an ɗauke shi hoto harshe a waje. Wata tsohuwar 'yar hayarsa ta riƙa sa hoton cikin rubuce-rubucen sukarsa. Sai ya mallaki haƙƙin hoton daga wanda ya ɗauka, ya kai ƙara. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce amfaninta halas ne. Amma ka lura da dalilan: ba kuɗi take nema ba, kuma shi Katz ba sayar da hoton yake so ba, binne shi yake so, don haka babu kasuwar da aka ɓata. Kai kana da talla, mai hoton kuma da sayar wa shafuka irin naka yake ciyar da iyalinsa. Ba ɗaya ba ne.

Sannan a Mayun 2023 Kotun Ƙoli, alƙalai 7 da 2, ta ba mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith gaskiya a kan gidauniyar marigayi mai zane Andy Warhol. Warhol ya yi zane daga hoton mawaƙi Prince da ta ɗauka a 1981, a 2016 kuma gidauniyar ta ba kamfanin Condé Nast izinin buga shi a bangon mujalla a kan dala 10,000. Kotu ta ce sabon launi da sabuwar ma'ana ba su isa ba, idan zanen da hoton aiki ɗaya suke yi, wato ƙawata labarin Prince, kuma don kuɗi. A ganina wannan hukunci ya matse masu zane a fuska sosai.

Ga yadda nake auna abin. Idan mutane suna shigowa shafinka ne don ganin sabon hoton tauraron, zanenka kuma ƙari ne kawai, matsayinka da rauni. Idan za a iya cire wannan hoton a sa wani na mutumin ba'ar ba ta canza ba, nan ma da rauni. Idan kuwa abin da ke cikin hoton ne kake suka, kamar ɗan siyasar da ya yi hoton yaudara kana tona shi, kuma ka yanki daidai buƙata, ka sa ƙarami, rubutunka ya fi hoton nauyi, to kana da abin faɗa. Abin faɗa na ce, ban ce nasara ba. Amfani na adalci kariya ce da ake gabatarwa bayan an kai ƙara, kai ne za ka tabbatar da ita, kuma lauya sai an biya shi ko da ka ci. In hoton na sayarwa ne kuma kuɗinsa bai fi ƙarfinka ba, malam, ka saya.

Ba'ata ta sa mutane sun raina hoton. Ba asara na jawo masa ba?

Kar ka damu da wannan. Raini da suka ta jawo ba shi doka ke ƙirgawa ba. Maye gurbin hoton a kasuwa shi ne laifin.

Kashi nawa zan canza, 30 cikin 100?

Babu wannan ƙa'idar a ko'ina cikin dokar. Na gaji da jinta.

Nawa za a ci ni?

In an yi wa hoton rajista a ofishin haƙƙin mallaka na Amurka a kan lokaci, daga dala 750 zuwa 30,000 a kowane hoto, har 150,000 in da gangan ne. Kowane hoto ɗaya, ba shafin gaba ɗaya ba.

A Najeriya nake. Ya shafe ni?

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ambaci ba'a da zambo cikin abubuwan da aka sassauta, amma da sharaɗin adalci. Sannan Facebook, YouTube da Google kamfanonin Amurka ne. Ƙarƙashin DMCA, dokar Amurka ta 1998 kan haƙƙin mallaka a intanet, mai hoto yana aika ƙorafi za su sauke abinka, in ƙorafin ya yawaita su rufe asusunka, ba tare da kowa ya taka kotu ba.