Gasar iGEM

iGEM gasa ce ta ƙasa da ƙasa da ake yi duk shekara, inda tawagogin ɗalibai, akasarinsu 'yan jami'a, ke gudanar da bincike a fannin ƙera ƙwayoyin halitta, wato ilimin da ke harhaɗa gutsattsarin DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halittu, domin sa ƙwayar halitta mai rai ta yi wani aiki da ba ta saba yi ba. Cikakken sunan gasar shi ne International Genetically Engineered Machine. Ta samo asali ne daga cibiyar fasaha ta MIT da ke jihar Massachusetts a Amurka, kuma tun 2012 wata gidauniya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba ce ke tafiyar da ita.

Asali

A shekarar 2000 an wallafa sakamakon bincike biyu da ake yawan ɗauka a matsayin mafarin fannin. Michael Elowitz da Stanislas Leibler sun haɗa ƙwayoyin gado uku da ke danne juna bi da bi, har bakteriyar E. coli ta riƙa haske tana dusashewa, su kuwa Timothy Gardner da Charles Cantor da James Collins suka ƙera wani makunni na gado da ake iya kunnawa da kashewa a cikin ƙwayar. A watan Janairun 2003, malaman MIT da suka haɗa da Tom Knight da Drew Endy da Randy Rettberg suka shirya ɗan gajeren kwas na wata guda, inda aka nemi ɗalibai su tsara ƙwayoyin da za su riƙa walƙiya. Tsare-tsaren ba su yi aiki yadda aka so ba, amma sun nuna babbar matsalar fannin a lokacin, cewa kowane mai bincike yana haɗa DNA ɗinsa ta hanyarsa, aikin wani ba ya shiga na wani.

A 2004 aka mayar da kwas ɗin gasar hutun ƙarshen zangon karatu tsakanin makarantu biyar na Amurka: MIT, Caltech, Princeton, Jami'ar Boston da Jami'ar Texas da ke Austin. A 2005 tawagogi sun kai 13, ciki har da na Cambridge ta Birtaniya da Toronto ta Kanada da Zurich ta Suwizalan, kuma daga nan ne gasar ta fita daga Amurka. Ana ganin tsarinta na yanzu, mai alƙalai da kyaututtuka, ya kankama ne wajen 2006, shekarar da tawagogi fiye da talatin suka shiga.

Tubalan BioBrick

Ginshiƙin gasar a shekarunta na farko shi ne ƙa'idar BioBrick da Knight ya fitar a 2003. A ƙarƙashinta, kowane gutsuren DNA mai aiki ɗaya, ko na kunna ƙwayar gado ne ko na samar da wani furotin, ana sanya shi tsakanin wurare huɗu da wasu sinadarai masu yanka DNA ke yankawa, wato EcoRI da XbaI ta gaba, da SpeI da PstI ta baya. Hikimar ita ce bakin da XbaI ya yanka yana mannewa da wanda SpeI ya yanka, kuma bayan sun haɗu babu ɗayansu da zai sake yanka mahaɗar, saboda haka abin da aka haɗa ya zama sabon tubali da za a iya jona shi da wani ta hanya iri ɗaya. Ana adana bayanan tubalan a wata rajista da kowa ke iya dubawa, kuma ana sa ran duk tawagar da ta ɗiba ta mayar da nata sababbin.

Kowace tawaga takan karɓi faranti masu ƙananan ramuka 384 ɗauke da busasshiyar DNA ta tubalan. Ɗalibi yakan huda takardar alminiyam da ta rufe ramin da yake so, ya ɗiga ruwa kaɗan, ruwan ya yi ja saboda rinin da aka sa a ciki, sannan ya zuƙe shi ya shigar da shi cikin bakteriya. Daga baya an amince da wasu hanyoyin haɗawa, musamman bayan sayen DNA da aka ƙera a kamfani ya yi arha.

Fitattun ayyuka

Tawagar Austin ta 2004 ta sa shimfiɗar bakteriya ta ɗauki hoto ta hanyar amsa haske, aikin da mujallar Nature ta buga a 2005. A 2006 ɗaliban MIT suka sauya warin E. coli ya koma ƙamshin ayaba da na wani ganye mai kama da na'ana'a. Wasu daga cikin waɗanda suka jagoranci tawagar, tare da Knight, su ne suka kafa kamfanin Ginkgo Bioworks a 2008. A shekarar 2006 ɗin ce kuma tawagar Edinburgh ta ƙera bakteriyar da ke gano gubar asenik a ruwan sha, da nufin amfani a wurare irin Bangladesh inda rijiyoyi da yawa suka gurɓace, kuma har yau aikin na cikin waɗanda aka fi ambata saboda ya fuskanci matsalar da ke hallaka mutane.

Tawagar Slobeniya ta ci babbar kyauta a 2006 da 2008 da 2010, abin da ya ba mutane mamaki ganin ƙanƙantar ƙasar. Jami'ar Peking ta ci a 2007, Cambridge a 2009 da bakteriya masu fitar da launuka daban-daban, Groningen ta Holan a 2012 da na'urar gano ruɓaɓɓen nama, sai Heidelberg ta Jamus a 2013 da 2014.

Yadda tawaga ke aiki

Tawaga kan ƙunshi ɗaliban ilimin halittu da injiniyanci da kwamfuta da lissafi a ƙarƙashin kulawar malami. Su ke zaɓar matsalar, su nemi kuɗi, su yi aikin ɗakin gwaje-gwaje a lokacin hutu, su rubuta komai a shafin intanet da ake hana yi wa gyara kafin taron ƙarshe. Ana kuma tantance su kan tuntuɓar mutanen da aikin zai shafa da kuma bin ƙa'idojin kariya. An haramta sakin ƙwayar da aka sauya a wajen ɗakin gwaji. Lambobin tagulla da azurfa da zinariya ana ba da su ne ga duk tawagar da ta cika sharuɗɗa, ba bisa jerin na ɗaya da na biyu ba.

An daɗe ana yin taron ƙarshe a MIT da birnin Boston, aka yi shi ta intanet a 2020 da 2021 saboda annobar korona, sannan ya koma birnin Paris daga 2022. Yanzu ɗaruruwan tawagogi ke shiga, ciki har da 'yan sakandare, kuma kaso mai yawa daga China yake. Tawagogin Afirka kaɗan ne, daga ƙasashe irin su Masar da Afirka ta Kudu da Ghana.

Suka

Masu suka na cewa kuɗin rajista da na tafiya sun fi ƙarfin jami'o'in ƙasashe matalauta, cewa tubalai da yawa a rajistar ba a gwada su sosai ba, kuma ayyuka da dama na tsayawa da zarar an gama gasa. Masu shirya gasar na amsawa da cewa horar da ɗalibai ne babban burinta.