Sista Nivedita

Sista Nivedita, wadda sunanta na yanka Margaret Elizabeth Noble, malamar makaranta ce 'yar ƙasar Ayalan da ta rungumi addinin Hindu, ta ƙarar da rayuwarta wajen ilimantar da 'ya'ya mata da jinyar marasa galihu a Indiya. An haife ta ranar 28 ga Oktoba 1867 a garin Dungannon na Ayalan, ta rasu ranar 13 ga Oktoba 1911 a garin Darjeeling na Indiya.

Mahaifinta limamin coci ne, ya rasu tana ƙarama. Ta fara koyarwa tana da shekara 17, daga baya ta buɗe makarantar kanta a unguwar Wimbledon da ke Landan. A watan Nuwamba 1895 ta saurari wa'azin Swami Vivekananda, malamin addinin Hindu daga Indiya kuma almajirin babban malami Ramakrishna, a wani gida a birnin. Ba nan take ta sallama ba, ta daɗe tana ja da shi da tambayoyi kafin ta miƙa wuya.

Ta sauka a birnin Kalkata na Indiya a watan Janairu 1898, bayan malamin ya rubuto mata wasiƙa yana gargaɗinta kan zafi, talauci da ƙyamar da za a nuna mata a matsayinta na Baturiya. Ranar 25 ga Maris na shekarar ta ɗauki alkawarin zaman tsarki ba aure, aka raɗa mata suna Nivedita. Abin da ya buɗe mata ƙofofin gidaje kuwa shi ne karɓar da Sarada Devi, matar marigayi Ramakrishna, ta yi mata. Dattijuwar ta ci abinci tare da baƙin Turawa, abin da masu tsananin riƙo da al'ada ke ɗauka ƙazanta a wancan zamani.

A watan Nuwamba 1898 ta buɗe makarantar 'yan mata a wani ƙaramin gida a layin Bosepara, unguwar Bagbazar. Gida-gida take bi tana roƙon iyaye su saki 'ya'yansu, da yawa suka ƙi. Cikin ɗalibanta har da matan aure da waɗanda mazansu suka mutu suna ƙanana, ana koya musu karatu, ɗinki da tsafta. Kuɗi bai taɓa isa ba, shi ya sa ta tafi Ingila da Amurka neman gudummawa, ta kuma riƙa zuba abin da littattafanta suka kawo.

Da annoba ta ɓarke a Kalkata a 1899, masu hali suka tsere, ita ta zauna. Ta ɗauki tsintsiya ta shiga share lunguna, har kunya ta sa samarin unguwa suka fito suka kama mata. Ta yi jinyar masu cutar a cikin bukkokinsu. A 1906 ta je gabashin Bengal lokacin yunwa da ambaliya, ta dawo da zazzaɓin cizon sauro da ya raunana ta ƙwarai.

Bayan rasuwar Vivekananda a 1902 ta tsunduma cikin fafutukar neman 'yancin Indiya, wannan ya sa ta raba gari a hukumance da ƙungiyar Ramakrishna da Vivekananda ya kafa, wadda ba ta shiga siyasa. Ta kuma tallafa wa masanin kimiyya Jagadish Chandra Bose wajen gyara rubuce-rubucensa da nemo masa masu ɗaukar nauyi. Makarantar Bagbazar tana nan har yau da sunanta, a hannun ƙungiyar mata ta Ramakrishna Sarada Mission.