Shin sai an buɗe kowane hoto kafin a gano motsi a bidiyo?

An daɗe ana cewa bidiyo jerin cikakkun hotuna ne, don haka kwamfuta ba za ta gano mota ko mutum mai tafiya ba sai ta warware kowane hoto. Haka abin yake a ido, amma ba haka ake adana shi ba.

A matsattsen bidiyo irin na H.264, jefi-jefi ake ajiye cikakken hoto, wato firam na I. Sauran, firam na P da na B, galibi bambancin da ke tsakaninsu da wani firam suke ɗauka. Ana yanka hoton murabba'i-murabba'i, fiksel 16 tsaye 16 kwance, a rubuta wa mafi yawansu kibiyar da ke nuna inda makamancinsa yake a wani firam. Idan murabba'ai maƙwabta suka nufi waje guda, firam bayan firam, akwai abin da ke motsi a wurin. Karanta kibiyoyin nan ya fi warware hoton sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai dai kibiyoyin don rage girman fayil aka yi su. Bangon da ba shi da zane, da kuma dishi-dishin dare, kan haifar da kibiyoyin bogi, shi ya sa ake zubar da waɗanda suka ware su kaɗai. Idan kyamarar ce ke juyawa, sai a fara cire motsinta. Firam na I kuwa ba shi da kibiya ko ɗaya.

Mai son gani da idonsa ya kunna bidiyo da manhajar ffplay, ya ƙara wa umarnin -flags2 +export_mvs -vf codecview=mv=pf, kibiyoyin za su fito a kan hoton.

A tura wa masu aikin kyamarorin tsaro wannan bayani.